Dokta Saura-Ƙiris Mai Riƙon Sirri

Ƙanƙara ta yi malamai da 'yan boko, amma ba ta taɓa yin mutum mai riƙon amana kamar Malam Mas'udu Gide ba. Shi ya sanar da mu haka. Yana karatun digirin digirgir a fannin lafiyar jama'a, bai gama ba tukuna, don haka muke kiransa Dokta Saura-Ƙiris. Rabin farko na sunan kawai yake ji.

A jami'a ya yi wani kwas kan ladubban bincike: yadda za a nemi yardar majinyaci, da yadda za a rufa masa asiri. Tun daga nan ya zama abin tsoro. Ka ce masa ina gajiya, sai ya tambaye ka da izinin wa kake tattara bayanan lafiyarsa.

Bincikensa kan tarin fuka ne. Ya zagaya ƙauyukan Faskari da Sabuwa, ya rantse wa mutane cewa abin da suka faɗa masa ya shiga kabari. Suka yarda, suka faɗa.

Ranar wata walima a Sheme, aka yi kuskuren miƙa masa lasifika don ya yi godiya. Ya gyara hula.

"Jama'a, mu masana ba mu tona asiri. Misali, akwai wani bawan Allah a garin nan da ya yi tarin fuka. Ko za a yanka ni ba zan faɗi sunansa ba. Abin da ilimi ya halatta mani in ce kawai, bahago ne, yana sana'ar tsire a bakin tasha, kuma yana zaune cikinmu."

Mai tsire ɗaya ne a bakin tashar Sheme. Mamuda ke nan, yana gefen tabarma, riƙe da kofi a hannun hagu. Na kusa da shi suka matsa kaɗan.

Mamuda ya sha magani ya warke tun bara. Dokta ya san haka, amma lokaci ya ƙure, bai samu faɗa ba. Kafin mako ya zagayo, nama na kwana a tukuba. Mamuda ya same shi har gida.

"Malam, ai mun yi da kai ba mai ji."

"Na ambaci sunanka?"

"A'a."

"To ka gani. Je ka gode wa Allah da ka faɗa hannun ƙwararre."

Mamuda ya kwashe iyalinsa ya koma Damari wurin dangin matarsa, ya kama noma. Ƙauyuka kuma suka daina buɗe wa Dokta baki. Ya bayyana wannan da ƙarancin wayewa.

Wani ya ɗauki jawabin walimar a waya. Da Dokta ya kalla, ya ga bai dace irin wannan fasaha ta tsaya a Sheme ba, sai ya tura wa farfesan da ke duba aikinsa. Aka kira shi gaban kwamiti. Ya dawo yana shaida mana cewa manyan farfesoshi sun wuni ba su tattauna aikin kowa ba sai nasa. Sun soke binciken, sun kuma roƙe shi ya maimaita kwas ɗin ladubban bincike. A cewarsa, malaman ba su ƙoshi da shi ba ne.

A darasin farko, farfesar da ke koyar da kwas ɗin ta ce za ta ba sababbin ɗalibai misalin cin amana mafi muni da ta taɓa gani. Ta ce wani mai bincike ne, a wata jiha, a wata shekara. Ba ta ƙara komai ba. Ba wanda ya gane, ba wanda ya waiwaya.

Dokta ya jira a yi masa adalci. Ba a ambaci sunansa ba. Ya ɗaga hannu ya miƙe.

"Farfesa, a ilimi ba a amfani da aikin mutum a ɓoye sunansa. Mas'udu Gide, daga Ƙanƙara. A rubuta daidai."

Ɗaliban suka rubuta.