Lambar da Na Ba Baban Hajara

Ni ne da laifi, ba na musu. Aikina a wani asibiti a Kontagora shi ne sa lambar cuta a katin mara lafiya bayan likita ya gama rubutunsa. Na haddace lambobin nan har na fara jin kaina likita.

Ranar da na je Nasko gaida mahaifin Hajara, wadda nake nema da aure, tsohon ya yi dogon tari, numfashi na fita da ƙyar. Sai na gyara zaman hulata na ce, "Baba, wannan J44 ce, daɗaɗɗen ciwon huhu, ga asma a kai. Saura lambar taba, don tare suke tafiya. Kara nawa ake sha a rana?"

Daga cikin gida na jiyo Hajara ta fashe da dariya. Ashe Baba ladanin unguwa ne, kuma ƙurar injin niƙa ce ta ci masa ƙirji. Bai taɓa riƙe sigari ba.

Hajara ta auri wani. Har yau idan na rubuta J44, dariyarta nake ji a kunnena.

Bara na koma na durƙusa na ce, "Baba, a yafe mini."

Ya ce, "Na yafe, Likita. Ka zo mini da ashana kuwa?"