Na'urar da Ta San Inda Nana Aisha Take

Da zuciya mai nauyi da baƙin ciki, iyalan Malam Kamaruddeen, malamin gona a ƙasar Minjibir, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar na'urarsa ta GPS, wadda ta cika ranar Talata da hantsi bayan jinyar kwana uku. Shekararta tara a hannunsa.

Marigayiyar ba mai kyan gani ba ce, gefenta a tsage yake, da robar taya aka ɗaure shi. Amma duk wanda ya taɓa rigimar iyaka a nan ya san ta. A ƙasar da gona ke manne da gona, layin gamba kaɗai ke raba su, ta auna fiye da ɗari shida, kuma ba ta taɓa ƙara wa mai unguwa taku ɗaya don yana mai unguwa ba. Ba ta da surutu. In ta kama taurarin ɗan'adam sai ta ce tit. In ta kai mutum wurin da aka ba ta ajiya, sai ta ce tit-tit, ta yi shiru.

Akwai ajiyar da ba ta gona ba. Shekara huɗu da suka wuce, ranar da aka binne matarsa Nana Aisha, Malam ya jira jama'a suka juya, ya danna maɓalli a gefen kabarin. Da damina ta zagayo, ruwa ya kwanta a maƙabartar, ya shafe tudun, ya tafi da itacen da aka kafa. Tun daga nan na'urar kaɗai ta san wurin, ita ke kai shi kowace Juma'a.

Sai dai tana kuskuren mita uku, kuma mita uku a maƙabarta mutum uku ne ko huɗu. Wannan ya daɗe yana cin Malam a rai. Shi ya sa da masu ƙera ta suka nemi waɗanda za su gwada sabuwar manhajar da ba a gama tacewa ba, wadda suke kira beta, suka ce za ta rage kuskuren zuwa ƙasa da mita ɗaya, ya ba da sunansa da rawar jiki. An gargaɗe shi ya kwafe komai tukuna. Ya kwafe gonaki kaf a kwamfutar ofis, ya tsallake ajiyar nan guda. Kwamfutar ta kowa ce, ya ji kunyar abokan aiki su gane cewa dattijo mai furfura bai daina zuwa wurin matarsa ba. Mutumin da zai tsare ka da gardama a kan kamu ɗaya na ƙasa, ko a bayan ambulan bai rubuta lambobin wurin kabarin ba.

Da ya sa mata sabuwar manhajar sai jinya ta fara. Ranar farko, yana tsaye a gonar gero ta ce masa yana tsakiyar ruwa. Rana ta biyu kibiyarta ta yi ta juyawa kamar mai neman wani a kasuwa. Rana ta uku yana ratsa tsakar gidansa, tana kashe a aljihu, daidai ƙofar ɗakin da ba a buɗe ba tun rasuwar Nana Aisha, sai ta ce tit-tit. Da Malam ya ciro ta fuskarta ta yi fari fat, ba ta sake cewa komai ba. Masu gyara a birni sun duba, sun ce babu abin da ya rage a cikinta.

Ta bar batura biyu, da igiyar rataya, da jakar fata da aka ɗinka mata a Gezawa. Ta bar gonaki ɗari shida, kowace da iyakarta lafiya lau. Ta bar Malam, wanda ya je maƙabarta jiya ya tsaya daga bakin shinge, ya rasa inda zai sa ƙafa don tsoron kada ya taka Nana Aisha.

Ba za a yi wa marigayiyar salla ba, ba za a zauna makoki ba. Za a naɗe ta a ƙyalle a sa a ƙasan adaka. Ana dai roƙon duk wanda ya halarci jana'izar Nana Aisha, musamman Basiru da Sama'ilu da suka shiga kabarin, su zo ƙofar maƙabarta ranar Juma'a bayan la'asar. Malam ya ce ba sai daidai ba, ko layin aka tuna a nuna masa.