Gorar Sukarin da Ta Ƙi Zuba

Ba zan taɓa mantawa da yinin bikin ƙanwata Hafsatu ba, duk da Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawar. Bazara ce, an gama girbin alkama a fadama, zafin Haɗeja yana kan ganiyarsa. Ni kuma na dawo gida daga Kano da akwati ɗaya, da kan da ya fi akwatin girma. Shekara ɗaya tak na yi ina aiki a wani ofis a can, amma in ka ji yadda nake cewa "mu a Kano", sai ka rantse can aka binne cibiyata.

Abin da ya ƙara kumbura mini kai wani shagon gahawa ne da abokan aikina suka kai ni. Ba irin gahawar da tsofaffi ke kurɓa a ɗan mitsitsin kofi ba. Wannan a dogon kofi garai-garai ake kawo ta, da madara da ƙanƙara, a jikin kofin ta ciki kuma an zizara wani ruwan jan sukari mai kauri, yana gangarowa a hankali kamar zuma. Kurɓa ɗaya na yi na ce shi ke nan, na ga duniya. Na koma ɗaki na kalli bidiyon yadda ake dafa ruwan sukarin ya fi sau goma. Jan sukari, ruwa, wuta, iyakarta ke nan. (Ban taɓa gwadawa da hannuna ba fa. A lissafina, kallo sau goma ya wadatar.)

Kafin in ci gaba sai na gaya maka wace ce Gwaggo Azumi. Yayar babanmu ce, ita ta riƙe ni tun ina shekara uku har na gama sakandare. A ɗakinta na yi ƙyanda, a gabanta na koyi alwala. Sana'arta alkaki da dubulan da nakiya. Shekara da shekaru babu amaryar da za a kai ɗaki daga unguwarmu garar ba ta bi ta hannun Gwaggo ba, har daga Jahun ana aiko mata da alkama. To, tsufa ya zo, hannunta ya fara rawa. Da aka zauna shirin bikin Hafsatu, ni na kawo shawarar a ba wasu mata a waje aikin garar, wai don tausayinta. Kowa ya ce haka ne. Gwaggo tana zaune a gefen tabarma ta ce, "Allah ya sanya alheri," ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba. Karo na farko ke nan da za a yi biki a gidanmu babu hannunta a ciki, ni da ta goya kuwa ban ko tsaya na yi tunanin yadda abin zai yi mata ba.

A zaman nan dai na sanar cewa abin shan dangin ango yana wuyana. Umma, mahaifiyarmu, ta dube ni ta ce, "Ke zoɓo da kunun aya me suka yi miki?" Na ce, "Umma, ki zuba ido kawai. Sai an yi shekara ana labarin bikin nan." Wannan kam ban yi ƙarya ba.

Ana gobe yini, bayan azahar, na shiga madafa da ledojin jan sukarin da na taho da su tun daga Kano. Na jingina wayata da turmi, bidiyon yana yi. 'Yan matan dangi huɗu suka kewaye ni suna kallo, ni kuwa sai iyayi nake, ina bayani kamar malamar makaranta. Sai ga Gwaggo a bakin ƙofa, ta dafa bango. Ta miƙa hannu ta dangwali sukarin ta kai baki.

"Au," ta ce. "Ai mazarƙwaila ce aka niƙa aka sa a leda."

Raina ya ɓaci. Abin da na ɗauko tun daga babban kanti a ce mazarƙwaila, irin wadda ake kasawa a kasuwa ƙudaje na bi? Na yi kamar ban ji ba. Tukunya ta tafasa, na kama ludayi ina juyawa ba ƙaƙƙautawa.

"Kin matsa lemon tsami kuwa?" Gwaggo ta tambaya.

"Ba a sa wa wannan."

Can ta sake cewa, "In ya tafasa a daina juya shi, 'yar nan. Sukari ba ya son a dame shi."

Da ni kaɗai ce, wataƙila da na ji. Amma idanu takwas suna kaina. Na juyo da ludayi a hannu, har da 'yar dariyata, na ce, "Haba Gwaggo, don Allah ki je ki huta mana. Wannan ba alkaki ba ne. Abin zamani ne, ba irin naku na da ba."

'Yan matan suka ƙyalƙyale. Gwaggo ta dube ni, ba da fushi ba, ta ce, "To." Ta juya tana bin bango har ɗakinta. Na koma kan tukunyata, na ce a raina ai gaskiya na faɗa.

Da na ga ruwan bai yi kaurin da nake so ba, na ƙara sukari, na ƙara wuta, na ci gaba da juyi har kafaɗata ta ƙage. Ya yi duhu, ya yi sheƙi, ƙamshi ya cika gida. Da ya ɗan huce na ɗura shi a gorunan roba shida masu tsinin baki, irin waɗanda ake matsawa, na jera su a kan kanta. Har hoto na ɗauka na tura wa abokan aikina.

Washegari da hantsi dangin ango suka iso daga Kirikasamma, manyan motoci biyu cike da mata. Jagorarsu kakar ango ce, Hajiya Falmata, doguwar tsohuwa mai muryar da ba ta buƙatar lasifika. Aka shimfiɗa musu tabarmi a ƙarƙashin rumfa. Gwaggo ba ta fito ba. Na ji Umma tana gaya wa wata maƙwabciya wai kanta ke ciwo, ta faɗa tana kallona. Na kau da kai, ina da aiki a gabana.

Yanzu fa mai hankali a madafa zai haɗa abinsa ya fito da shi a faranti. Ni ina! Tebur na sa aka kafa mini a tsakiyar tsakar gida, a gaban baƙi. Na jera kofuna arba'in, ga tulun gahawa da na dafa tun da safe, ga madara, ga ƙanƙarar da aka sha wahala kafin a samo a zafin nan. Na gyara ɗaurin ɗankwali, na yi gyaran murya. (Eh, jawabi na yi. Ba wanda ya sa ni.) Na gaya musu yau za su sha abin da sai a manyan birane ake samu, kuma sirrin duk yana cikin gorar nan. Na ɗaga ta sama kowa ya gani.

Na ɗauki kofi, na karkata shi yadda na gani a bidiyo, na kifa gorar na matsa.

Shiru.

Na sake matsawa. Ko ɗigo. Na yi murmushi na ce bakin ne ya toshe, na kwance murfin na kifa ta gaba ɗaya. Abin da ke ciki ko gezau. Na girgiza, na bubbuga gindinta da tafin hannu. Na ɗauki ta biyu, haka. Ta uku, haka. Gumi ya karyo mini, kwalliyar da na ɓata awa guda ina yi ta fara bin wuyana. Cikin ruɗewa na buga ta huɗun a kan tebur, ta ba da wani ƙwas kamar an jefa dutse a kwano, kofuna uku suka faɗi. Sukarin nan ya daskare, ya koma dunƙule ɗaya mai tsakuwa-tsakuwa. Mata sama da arba'in sun yi tsit suna kallona, ƙanƙarata kuma tana narkewa tana bin ƙafar tebur.

Hajiya Falmata ce ta katse shirun. "'Yata, miƙo in gani." Na miƙa mata da hannu biyu. Ta jujjuya gorar, ta ƙwanƙwasa da zobenta, ta ce, "Wannan bai ga tsami ba, kuma an dame shi." Sannan ta ɗaga kai ta dubi gidan. "Ikon Allah. Nan ba gidan su Azumi mai alkaki ba ne? Ita ta yi garar 'ya'yana uku. Tun a mota nake ba yaran nan labarinta. A gidan Azumi sukari ya gagara? Ina take ne?"

'Yan matan jiya huɗu suka sunkuyar da kai, Umma ta zuba mini ido. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Gorar da ta ƙi zuba abin dariya ce, za a yi a gama. Tambayar nan ce ta tsaya mini a rai, don duk gidan ni kaɗai ce amsarta.

Na tattara gorunan a haɓar zani na nufi ɗakin Gwaggo. Na yi sallama da wata 'yar murya da ni kaina ban san ina da ita ba. Tana zaune a bakin gado, ta ci ankon bikin tsaf, har da sarƙa, ta shirya tun safe amma ba ta fito ba. Ganin ankon nan ya fi komai karya mini zuciya. Na durƙusa na zube gorunan a gabanta.

Ta ɗauki ɗaya ta latsa da babban yatsa. Na jira faɗa, ko gori, na san na cancanci duka biyun. Sai ta ce, "Kawo wuƙa. Ki ce a kawo kurfoti da gawayi nan ƙofa, da lemon tsami biyu."

Hannunta ba zai iya riƙe tukunya ba, don haka ita ce baki, ni ce hannu. Na farke gorunan, na zuba dunƙulen a tukunya. "Ruwa. Ƙara. Ya isa." Wuta kaɗan. Da ya narke ta sa na matsa lemon, ta ce shi ke hana sukari komawa tsakuwa. Ya fara tafasa, hannuna ya kai kan ludayi da kansa, ta ɗan bugi bayan hannun. "Ajiye." Muka zuba masa ido. Ba agogo, ba bidiyo, hanci kawai take ɗagawa. Can ta ce in ɗiga mata a faranti. Ta dangwala, ta haɗa yatsu biyu ta raba, wani siririn zare ya miƙe ya tsinke. "Sauke." Muka dasa tukunyar a cikin bahon ruwan ƙanƙarar da ta narke har ya huce.

A madafa na haɗa sauran, ba tebur, ba jawabi. Da cokali na zizara shi a jikin kofunan, ya gangaro a hankali, daidai yadda na gani a Kano. 'Yan mata suka shanye har suna neman ƙari. Hajiya Falmata ta kurɓa ta yamutsa fuska, ta ce, "Baƙin ruwan nan dai maganin zazzaɓi ne. Amma sukarin, wannan hannun Azumi ne." Na ce, "Nata ne, Hajiya," da ƙarfi yadda kowa zai ji. Ta tashi da kofinta ta tafi ɗakin Gwaggo da kanta, ba a jima ba suka fito tare, aka matsa musu a tsakiyar tabarma.

Bayan la'asar, ana shirin fita da amarya, na samu Gwaggo ita kaɗai tana alwala. Na tsuguna na riƙe mata buta, na ce ta yafe mini.

"Tun jiya daga ɗaki na ji ƙamshin sukarin, na san ya zarce," ta ce.

"Gwaggo, me ya hana ki aiko a gaya mini?"

"Na ce ko na zamani haka ake yinsa." Ta shafa kanta, ta shafa kunne, sannan ta ci gaba ba tare da ta dube ni ba. "Ba zafin maganarki ne ya zaunar da ni a ɗaki ba, 'yar nan. Kin faɗa mini abin da ya fi wannan kina ƙarama. Tsoro na ji, ko gaskiya kika faɗa."

Hawaye suka zubo mini, na ci gaba da tsiyaya mata ruwa har ta wanke ƙafa.

Na daɗe ina juya maganar nan. Abin da na gane shi ne, in tsoho ya leƙo inda kake aiki ya fara 'yan tambayoyi, sau da yawa wurin zama yake nema a cikin aikin, ya ji har yanzu ana yi da shi. To ka jawo masa kujera. In ba za ka yi don Allah ba, ka yi don kanka, tunda ba ka san ranar da mata arba'in daga Kirikasamma za su zuba maka ido ba.