Sarkin Tsawa Ya Sa An Kaɗa Tauri

Allah Ya yi wa Sakkwato baiwar malamai da jarumai, amma sai da Ya jinkirta har zamanin soja da kuɗin mai kafin Ya ba ta Malam Junaidu Sodangi, Mataimakin Darakta a Hukumar Farkar da Kiɗan Gargajiya. Bai taɓa rataya ganga ba, amma ya fi kowane makaɗi sanin kiɗa, domin shi ya shiga jirgin sama.

An tura shi kwas na mako uku ƙasar Sifen, can cikin duwatsun da wata ƙabila mai suna Bas take zaune, ya koyo yadda ake adana kayan tarihi kada gara ta ci. Bai koyo ba. Sai dai wata rana ruwan sama ya kora shi cikin wani sito, ya tarar da samari masu gashi har gadon baya, sun shafe fuska da fari da baƙi, suna kurma ihu a kan jita mai lantarki. A gefensu dattawa biyu suna dukan katako da sanduna irin na kakanninsu, kamar mata na lugude, wani kuma yana busa ƙaho. Aka ce masa sunan abin kiɗan baƙin ƙarfe. Minti goma ya yi ya fito neman maganin ciwon kai. Minti goman nan su ne digirinsa.

Tun da ya dawo ba a ƙara shan ruwa lafiya a ofis ba. Ko gaisuwa ka yi masa sai ya faɗa maka yadda mutanen Bas ke yin ta. Ya jingine Sakkwatancin da uwarsa ta raine shi da shi, ya koma Hausar rediyo. Masinjoji suka laƙaba masa Sarkin Tsawa, shi kuwa da ya ji, ya ɗauka naɗi ne. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Ana haka Darakta ya yi ritaya, Kwamishina ya ce ba zai cike kujerar ba sai bayan bikin al'adu, ya ga aikin kowa. Malam Junaidu yana son kujerar nan kamar ransa, har ya riga ya sa tela ya auno tagogin ofishin don labule. Ya sa aka kawo lasifika takwas daga Legas, kowace girmanta ya kai ƙofar zaure. Ya aika aka kira Audi, tsohon makaɗin Ƙofar Rini, da Istifanus, malamin firamare a Tudun Wada mai kaɗa jita a coci ranar Lahadi. Mutum biyu ne kacal a gabansa, amma sai da ya hau kan benci.

“Jama'a, al'adarmu barci take yi. Mutanen Bas sun jona wa kakanninsu lantarki, mu muna nan muna ƙwanƙwasa fatar akuya. Ni na gani da idona. Zan ɗaura auren ganga da baƙin ƙarfe, duniya ta girgiza.”

Aka umarci Istifanus ya riƙa yagar jitarsa har ta yi kukan magen da ƙofa ta datse. Bawan Allah ya dubi takardar gwamnati, ya tuna 'ya'yansa huɗu, ya shiga yagar jitar. Audi kuwa ya kaɗa kiɗan manoma, aka ce ya yi sanyi. Ya kaɗa na 'yan dambe, aka ce ko jaririn Bas ba zai farka ba. Da Malam Junaidu ya matsa a kawo wanda ya fi kowane zafi, tsohon ya leƙa waje, ya rufe ƙofa, ya ɗan taɓa wani kiɗa da yatsu. Sarkin Tsawa ya daka tsalle ya ce an gama.

“Ranka shi daɗe, wanga ba a kaɗa shi banza,” in ji Audi. “Kiɗan tauri na. Duk wanda yac ci maganin ƙarhe, in yaj ji shi sai ya tsuma ya taho da wuƙatai. Kuma wanda yat tsaya tsakar hili da guru ga ƙugu, cewa ya yi a gwada shi.”

Malam Junaidu ya yi dariyar tausayi. Ya bayyana wa tsohon cewa camfi shi ne ya hana ƙasar nan ci gaba, kuma mutumin da ya tsaya gaban samarin Bas bai girgiza ba, babu abin da mahautan Sakkwato za su nuna masa. Audi ya ce to.

Ranar biki da la'asar aka kafa rumfa a wani fili kusa da Ƙofar Taramniya. Kwamishina ya zauna da baƙinsa ana shan lemo. Da yake an rasa mai hankalin da zai yi ihun, Malam Junaidu ya sadaukar da kansa. Ya shafe fuska da alli da baƙin tukunya. Ya buɗe akwatin gilashin hukuma ya kwaso guru da kambu da layun wani tsohon mafarauci, ya ɗaɗɗaura, ya tuɓe riga tumbi ya sha iska. Ya riƙe makirfo ya ɗaga hannu. Audi ya yi bisimilla ya saki gangar.

Lasifika ta yi aikinta, ita kam ba a cuci gwamnati ba. Kiɗan da aka saba kaɗawa a kewayen mutum hamsin ya ratsa unguwa bakwai. Mahauta suka bar nama a kan tebur. Wani maƙeri ya bar ƙarfe cikin wuta. Wani manomi da ya kawo gero kasuwa ya saki jakinsa. Suka nufo filin jiki na ɓari, idanu jajur, da wuƙaƙe da takubba, wasu har da karnukan farauta.

Da Malam Junaidu ya hango ƙurar jama'a, zuciyarsa ta yi fari ƙal. Ya saci kallon Kwamishina, ya ƙara ƙaimin ihu, yana dukan ƙirji yana kaɗa layu. Ganga in ta cika zaƙi, fashewa za ta yi.

Wani ƙaton mahauci da ake kira Jibrin ne ya fara hawa dandamalin. Ya goga wuƙa a cikinsa, ya goga a harshe, ko ƙwarzane babu. Sannan ya juyo cikin girmamawa, yadda ɗan tauri ke yi wa ɗan'uwansa, ya kama hannun Mataimakin Darakta.

“Wane gida kac ci naka, ɗan'uwa? Miƙo wuya mu gani.”

Sarkin Tsawa ya ji sanyin ƙarfe a maƙogwaro. Ya manta makirfo na hannunsa, ya manta Hausar rediyo.

“Don Allah, don Annabi! Ban ci komi ba! Ni ma'aikacin gwamnati na! Alli na da baƙin tukunya!”

Lasifika takwas suka ɗauki wannan jawabi, mafi gaskiya a duk jawabansa, suka raba wa gari har gidan surukansa. Jibrin ya daɗe yana kallonsa cikin takaici. Ya tofar da yawu, ya kwance gurun daga ƙugun Sarkin Tsawa ya miƙa wa Audi, ya ce a mayar wa masu shi. Kwamishina kuwa daga cikin mota ya ƙarasa kallon, gilashi a rufe.

Bayan mako guda takarda ta fito. Kujerar Darakta ta tafi hannun wani tsohon akawu mai suna Malami, wanda ba a taɓa jin muryarsa a taro ba. Amma gwamnati ba ta yar da gwaninta. An duba ƙwarewar Malam Junaidu Sodangi a fannin ƙara, aka mayar da shi ɗakin karatun hukuma, inda yake zaune daga safe zuwa azahar yana ɗora yatsa a baki yana ce wa mutane su yi shiru.