Rariyar Makewayina

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a Yako ba, tun Turawa na ƙasar nan, 'yan watanni bayan rasuwar matata Hajara. Allah bai ba mu haihuwa ba, sai gidan ya koma daga ni sai kaji. Yayata da ke aure a Bebeji ta yi ta aiko mini in tattara in koma wurinsu, wai namiji shi kaɗai ba ya riƙe gida. Ni kuwa na kafe. Ba na son barin ɗakin da Hajara ta zauna, kuma ina so in nuna wa Yaya na iya.

Tun da aka yi rasuwar ban ƙara wanka a gida ba. A rafi nake yi in na taso daga gona, don can aƙalla akwai muryar mutane. Ran nan dai na ce yau a makewayina zan yi wankan Juma'a kamar kowane magidanci.

Na gama, ruwa ya ƙi tafiya. Rariya, 'yar kafar nan da ke gindin katanga wadda ruwa ke bi ya fita lungu, ta toshe. Na sheƙa tulu guda don in tura dattin, ruwa ya kai mini idon sawu. Na ƙara wani (hankalina ke nan a lokacin). Da mai tunani ne, da ya leƙa maƙwabta ya tambaya. Ni kuwa tsoro nake kada labari ya kai Bebeji, sai na ɗauko fartanya na hau faɗaɗa kafar, daga ni sai bante.

Katangar ƙasa ce, ta riga ta sha ruwa ta ƙoshi. Ina cikin sara na ji ta yi wani nishi, sai ta kwanta cikin lungu gaba ɗaya. Na ɗago kai, ga dattawan unguwa sun sha manyan riguna za su Kiru masallaci. Ga ni tsugune cikin caɓi da fartanya a hannu. Liman ya kawar da kai ya ce, "Sannu da aiki, Malam." (Har na amsa da "Yawwa", don kunya ta cinye mini sauran magana.)

Bayan sun wuce na yafa bargo, sai ga Iya Tabawa, tsohuwar da muke katanga ɗaya. Ta tona ɓaraguzan da sandarta, ta zaro wani dunƙulen tsumma.

"Ɗan nan, ai wannan ne kawai," in ji ta. "Marigayiya ke cusa shi kullum saboda macizai. In za ka shiga wanka ta cire, in ka fito ta mayar. Ba ka taɓa lura ba?"

Ban taɓa ba. Yankin tsohon zanenta ne, na gane shi. Na zauna kan tulu na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Kafin sati labari ya kai Bebeji, Yaya ta iso da jaki don ta tafi da ni, ban yi mata musu ba. Tun daga nan, in abu ya toshe, hannu nake fara zurawa kafin fartanya. Kuma in na ga abu na tafiya daidai a gida, nakan tambayi wa ke yinsa tun yana nan.