Yadda Za Ka Ƙaurace Wa Wasan Bidiyo Don An Aske Wa Baba Sifana Gemu

Ɗan'uwa, in ka bi matakan nan yadda na jera su, na ba ka tabbaci za ka jagoranci ƙauracewar da za ta girgiza kamfanin wasan bidiyo. In kamfanin bai girgiza ba, bencin da kuke zama a kai a Zango zai girgiza. Ni Abdul-Manan na gwada, kuma har yau ana nuna ni da baki in na wuce.

Ga wanda bai sani ba, wasan na faɗa ne, mu a nan Gumurzu muke ce masa. A cikin mayaƙansa akwai wani baƙin tsoho mai tumbi da farin gemu, da ƙatuwar sifana a kafaɗa, sak makanikan Magazin, unguwar masu gyaran mota. Sunansa na ainihi ya fi ƙarfin bakinmu, sai muka raɗa masa Baba Sifana. A fitowar bana kamfanin ya aske masa gemu, ya zuƙe masa tumbi, ya ƙwace sifanar ya ba shi takobi mai walƙiya. Wai gyara ke nan.

Mataki na 1: Ka tabbata kana da abin da za ka rasa

Ƙauracewar da ba asara a cikinta hutu ce kawai. Ni, alal misali, ina da yayana, Bra Ikrama, direban tankar ruwa a Doha. A gidanmu ƙane ba ya hira da yayansa, gaisuwa ce da aike. In ya kira waya, ga yadda take tafiya: "Lafiya?" "Lafiya." "Mma fa?" "Lafiya." "To a gaishe ta."

Amma ranar Juma'a, ranar hutunsa, in muka haɗu a cikin Gumurzu kowa da abin magana a kunne, sai bakinsa ya buɗe. Baba Sifana yake ɗauka kullum. Yana dukana yana ba ni labarin zafin garin, da minsharin abokin ɗakinsa, da yadda yake mafarkin kokon unguwarmu. Ni kuwa da ba na iya kallon idonsa a tsakar gida, sai in kayar da shi in yi masa dariya, ba kuma wanda zai ce na yi rashin kunya. A nan kaɗai nake da yaya.

Ka nemo irin wannan a rayuwarka, ka ajiye shi gefe. Gwani ba ya tunawa da shi sai daga baya.

Mataki na 2: Ka fusata a gaban jama'a

Fushin cikin ɗaki ɓarnar fushi ne. Jira sai majalisarku, wato bes, ta cika, an ɗora shayin ataya. Ka iso kana huci, ka ƙi zama, ka ɗaga waya sama da hoton sabon Baba.

Za a samu mai rage maka zafi. A namu bes Shakiru ne, mai gyaran waya.

"Cale, abokina, ai ya yi kyau," in ji shi. "Da can in ya yi tsalle, tumbin na riga shi sauka."

Kada ka amsa masa kai tsaye. Ka juya ga sauran ka ce, "Kun ji ko? Yau gemun Baba, gobe gemun wa?" Tambayar ba ta da ma'ana, shi ya sa ba mai iya amsa ta. Buraima tela, wanda gemunsa bai fi ƙwaya goma ba, ya shafa haɓa ya ce wallahi abin ya taɓa shi.

Mataki na 3: Ka sanar da kamfanin

Shiga shafinsu ka zuba duk Turancin da ka tara tun firamare. Za su amsa nan take cewa sun gode da ƙaunarka. Na'ura ce ta rubuta, amma ka nuna wa bes ka ce sun fara tsorata.

Mataki na 4: Ka buga fosta

Nan Kumasi ne. Maƙwabtanmu Asante sun koya mana cewa wanda ba a manna hotonsa a bango ba, mutuwarsa ba ta kammala ba. Ka sa a buga tsohon Baba da gemunsa, a zagaye shi da furanni, ka manna a kan falwayar ƙofar gida.

Sai dai ka yi hattara da tsofaffi. Mahaifiyata, Mma Ayishatu, ta tsaya gaban tawa ta yi salati, ta koma ciki ta yafo mayafi.

"Wannan bawan Allah na wane gida ne? Kamar na san shi a Magazin. Zo ka raka ni gaisuwa."

"Mma, ba mutum ba ne. Na cikin wasa ne."

Ta dube ni tun daga kai har silifa. "Ei, Manan. Kakanka ma ba ka buga masa hoto ba."

In haka ta same ka, ka ce ana kiranka a waya.

Mataki na 5: Ka sa kowa ya ɗauki alkawari

A ajiye kofunan ataya, kowa ya ce ba zai ƙara taɓa fad, wato madannin wasan, ba sai gemu ya dawo. Ka kasa kunne sosai. Wanda ya faɗa da ƙarfi yana dukan ƙirji, zai kai sati. Wanda ya faɗa yana kallon tukunyar shayi, ko magariba ba zai kai ba. Kai ne shugaba, don haka ka fi kowa dukan ƙirji. Ni sai da na yi tari.

Mataki na 6: Ka jawo yayanka ciki

Tafiyar da ba ta da reshe a ƙasar waje, wa zai ɗauke ta da muhimmanci? Ranar Juma'a na shiga wasan, don sanarwa kawai, na tarar da Bra Ikrama yana jirana da sabon Baba.

"Manan, ka ga saurinsa? Yau ka mutu."

Na ce, "Bra, mun ƙaurace. Kai ma ya kamata."

Ya yi dariya. "Ni gemu bai dame ni ba koraa. Danna mu fara."

A nan ne za ka nuna kai jagora ne. Na yi masa wa'azi a kan mutunci, da tsayuwa kan magana, da yadda ake raina baƙar fata mai tumbi. Tun da aka haife ni ban taɓa jera masa magana mai tsawon haka ba, kuma na ji daɗin kaina ƙwarai. Ina jin ƙarar fankar ɗakinsu.

"To," ya ce. "Tunda kai ka ce."

Na sanar da bes cewa reshen Doha ya shigo. Aka tafa mini, aka ba ni kofin farko.

Mataki na 7: Ka jure

Manyan yatsunka za su riƙa danna abin da ba ya nan. Za ka danna bayan kujerar torotoro, motar hayarmu, ka danna gefen kwanon tuwo. Juma'a za ta yi tsawo kamar layin famfo ranar da ruwa ya dawo. Ka gaya wa kowa ba ka taɓa samun natsuwa irin wannan ba.

Mataki na 8: Ka koma a ɓoye

Wannan ba karya alkawari ba ne, leƙen asirin abokan gaba ne. Bayan an sauko daga Juma'a, ka rufe taga, ka rage murya, ka kunna.

Abin da ba wanda ya tuna mini shi ne, wasan yana sa koren ɗigo a gefen sunan duk wanda ke ciki. Na ga na Shakiru kore. Na Buraima kore. Bes ɗinmu gaba ɗaya kore shar, kamar an yi ruwan sama. Kafin in kashe, saƙon Shakiru ya shigo: "Shugaba, kai ma bincike ka zo?"

Na ce bincike ne. Muka yi bincike har la'asar. Kuma tunda ba kowa a nan sai ni da kai, sabon Baban ya fi tsohon daɗin bugawa nesa ba kusa ba.

Mataki na 9: Ka nemi yayanka

Suna ɗaya ne ɗigonsa bai kunnu ba. Na jira wata Juma'ar, shiru. Sai na kira shi a waya.

"Bra, ka shigo mana. An ɗan sassauta dokar."

"Da wace na'urar wasan? Tawa na ba wani ɗan Nepal da zai koma gida, ya kai wa yaransa."

Na ce, "Ka bayar?"

"Ba kai ka ce ba? Na ga abin ya dame ka paa. Ka ce a tsaya kan magana, na ce yaron nan ya girma, kar in ba shi kunya."

Na buɗe baki in ce masa ba gemun nake so ba, hirar nake so. Amma waya ce, ba wasa ba, kuma shi yayana ne. 

"Mma fa?" ya ce.

"Lafiya."

"To a gaishe ta."

Ka ga an yi nasara ke nan. A duk faɗin duniya mutum ɗaya ne ya ƙaurace wa Gumurzu da gaske, kuma ni na samo shi.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da ya biyo bayan bin shawararsa, ko zagin uwa ne, ko dariyar bes, ko fostar da ta ƙi ɓantaruwa daga falwaya. Gemu bai dawo ba, kuma kamfanin bai san an yi ba. Wanda ya rasa abokin wasa ta wannan hanya, kada ya zo ƙofar gidanmu, ni ma kewar nawa nake yi. Amma in akwai gwanin da ya san matakan da ƙane zai bi ya riƙe yayansa a waya bayan an gama tambayar lafiyar Mma, ya same ni a gida ranar Juma'a. Ba ni da abin yi.