Ranar da na shiga raba faɗan da ba faɗa ba

Har in koma ga Allah ba zan manta da wata Asabar a unguwar Harobanda ba. Hukumar wasan ƙwallon rugbi ta ƙasa ta sake dokokinta, ta ce dole a sa malamin lakwal, wato makarantar boko, cikin kwamitin ladabtarwa. Abokaina suka miƙa sunana, ni kuwa ina son kujerar nan kamar me. Da la'asar za a yi zaɓe, da safe aka gayyace mu kallon wasa. An ba ni littafin dokoki tun mako biyu (yana ƙarƙashin kujerar motata, ko buɗe shi ban yi ba).

Na sha babbar riga, na zauna kusa da shugaban hukumar ina gyaɗa kai kamar na sani. Kai jama'a! Ban taɓa ganin ƙarti irin waɗannan ba, kowane wuya kamar turmi. Can sai na ga goma sha shida sun sunkuya, sun haɗa kawuna, suna ture juna suna gurnani. Shekara ashirin ina raba faɗa a filin lakwal, ƙafafuna ba su yi shawara da ni ba. Na faɗa fili ina ihu: "Ku ji tsoron Allah! Ba ku ga manya ba?" Har na cafke wandon wani ina ja.

Alƙaliyar wasan, wata 'yar siririya da ba ta kai kafaɗata ba, ta busa usur sau ɗaya. Wallahi nan take duk suka miƙe, hannu a baya, tsit. Ni da nake tsage maƙogwaro kullum, aji ɗaya bai taɓa yi mini haka ba.

Ta ce, "Baba, ba faɗa ba ne, haka ake sa balo, wato ƙwallo, cikin wasa."

Wanda na ja wa wando ya ɗauko hulata, ya kaɗe, ya miƙo da hannu biyu. Na so ƙasa ta tsage.

Da la'asar na miƙe zan janye sunana, shugaban ya kira ni yadda ake kiran malami a lakwal, ya ce, "Zauna, mushe. Wanda ya shiga tsakanin ƙarti goma sha shida da hula kawai, shi muke nema." Hannuwa suka tashi, ana dariya har da hawaye.

Tun ranar, duk takardar da aka ba ni sai na karance ta kafin in sa babbar riga. 'Yan wasan kuwa har gobe, in sun hango ni, sai su riƙe wandunansu.